Faifan da ya yi a shago ya ƙi yi a mota: abin da ya kamata ka sani kan ɗora waƙa a CD

Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Lakwaja ya san Kwali. Da ka bar Gwagwalada kaɗan ka shigo ta, garin Ladi Kwali mai ginin tukwane, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin. Direbobinmu masu gangarawa Kudu, na Legas da na Anacha da na Fatakwal, sukan tsaya a wannan yanki su yi salla, su ci abinci, su duba taya. A irin wannan tsayuwa ce mutum kan leƙa rumfar masu tura waƙa ya ce a cika masa abin da zai raka shi hanya, don tafiyar dare ba ta daɗi shiru.

A gaban wata rumfa irin wannan na tarar da gardama kwanakin baya. Wani dattijon direba ya biya an ɗora masa waƙoƙin Shata da na Ɗanƙwairo a faifai, an kunna masa a kwamfutar shago ya ji da kunnensa, ya koma mota ya zura, rediyon ya tofo faifan waje. Ya dawo yana cewa, "Kai yaro, faifan banza ka ba ni." Yaron kuma ya dage, "Wallahi Baba lafiyarsa ƙalau, ai a gabanka na kunna." Abin da ya ba ni sha'awa shi ne dukkansu biyu gaskiya suka faɗa. Faifan ba shi da laifi, rediyon ma ba shi da laifi. An dai rubuta wa rediyon wasiƙa ne da harshen da bai iya karantawa ba.

Ɗora sauti a faifan CD iri biyu ne, kuma yawancin rigimar da ake yi daga rashin bambance su take tasowa.

Na farko shi ne faifan sauti na asali, wanda a kwamfuta za ka ga an rubuta Audio CD. Wannan tsari kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da shi, ya shiga kasuwa a 1982. A cikinsa ana ɗaukar awon sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ba a matse komai, ba a zubar da komai. Shi ya sa yake cin wuri: minti ɗaya na waƙa yana cinye kusan mega goma. Faifan da aka saba sayarwa a kasuwa minti 80 yake ɗauka, wasu tsofaffi 74. A wannan tsari da minti ake lissafi, ba da yawan waƙa ba. Idan waƙoƙin zamani ne masu minti biyar-biyar, ka samu goma sha biyar ko sha shida. Idan kuwa na manyan makaɗa ne da waƙa guda kan haura minti goma, to shida ko bakwai sun cika faifan. Amfaninsa ɗaya ne, amma babba: kusan duk na'urar da ke cin CD tana karanta shi, komai tsufanta.

Na biyu shi ne faifan fayil, wanda ake rubuta wa Data CD, masu shago kuma suka fi ce masa faifan MP3. A nan faifan ya zama kamar buhu ne kawai, ana zuba fayiloli har mega 700. Shi MP3 dabara ce ta matse sauti da masu bincike na cibiyar Fraunhofer a Jamus suka jagoranci samar da ita a farkon shekarun 1990. Abin da take yi shi ne zubar da ɓangaren sautin da kunnen mutum bai cika kamawa ba, har fayil ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa. A matsin da aka fi amfani da shi, wanda ake kira 128, minti ɗaya bai wuce mega guda ba. Ke nan faifai ɗaya na iya ɗaukar sauraron kusan awa goma sha biyu, waƙa ɗari da arba'in ko fiye. Wa zai ƙi? Sai dai fa rediyon da ba a ƙera shi da sanin MP3 ba, in ka zura masa wannan faifai, ko dai ya ce babu komai a ciki, ko ya yi ta lissafin lokaci babu sauti, ko ya tofo shi kamar na dattijon nan.

Yadda za ka gane naka ba wuya. Duba fuskar rediyon motar ko ta na'urar falo. In ka ga an rubuta MP3 a jiki, tana cin duka biyun. In ba ka gani ba, ka ce wa mai shago a fili ya yi maka na minti tamanin, ka haƙura da yawan waƙa. Shi yaron rumfar nan da niyyar kyautatawa ya cika wa dattijo waƙoƙi rututu, bai tambaye shi shekarun motarsa ba.

Wani abu da ya kamata a sani: in an mayar da MP3 zuwa faifan sauti na asali, abin da aka zubar lokacin matsewa ba ya dawowa. Girman fayil ne ya ƙaru, ingancin yana nan yadda yake. Kamar ka juye kunun da aka tsinka da ruwa cikin babban ƙoƙo ne.

Me ake ƙonawa a faifai?

Masu shago kan ce "bonin", wato ƙonawa, har wasu na zaton wasa ne na masu kwamfuta. Ƙonawar gaske ce. Faifan da kamfani ya buga, irin na asali, da injin ake danna masa ƙananan ramuka a jikin roba, sannan a shafe da ƙarfe mai sheƙi. Shi kuwa faifan da ba komai a ciki, wanda aka rubuta wa CD-R, wani siririn rini ne ke shimfiɗe a cikinsa. Hasken leza na kwamfuta yana bi yana ƙona rinin ɗigo-ɗigo, waɗannan ɗigogi su ne waƙar. Abin da ya ƙone kuwa ya ƙone, shi ya sa ba a goge CD-R a sake. Akwai CD-RW da ake iya gogewa, amma bai kai wancan mayar da haske ba, don haka tsofaffin rediyoyi da yawa ba sa ganinsa. Faifan DVD kuma, duk da kamanninsu ɗaya kuma yana ɗaukar giga 4.7, rediyon CD ba zai taɓa karanta shi ba, domin irin hasken da ake karanta su da shi ya bambanta.

Daga nan za ka fahimci sauran dalilan da ke sa faifai ya ƙi yi. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, faifan ya tafi ke nan, sai kwandon shara. Shi ya sa laftof mai batir ya fi kwamfutar tebur a wurin da wuta ba ta da tabbas, ban kuma san inda take da tabbas ba tsakanin Kwali da Agege. Idan aka yi gaggawa aka sa gudun 48 ko 52, ɗigogin ba sa fita sosai, tsohon rediyo sai ya riƙa tsallake ko in-ina. Gudun 8 zuwa 16 ya fi, bambancin lokacin 'yan mintuna ne. Sai kuma rufe faifai: in an gama ɗorawa dole manhajar ta rubuta jerin abin da ke ciki ta kulle. Faifan da aka bari a buɗe don a ƙara wani abu daga baya yakan yi a kwamfutar da ta ƙona shi, ya ƙi yi a ko'ina.

Manhajojin aikin ba baƙi ba ne. Tsofaffin masu shago sun tashi ne da Nero, wadda wani kamfanin Jamus ya fitar a 1997. Amma wanda ke da Windows ba ya buƙatar neman komai: Windows Media Player na da maɓallin Burn, ka jawo waƙoƙi ka jera, ka zaɓi Audio CD ko Data CD, ka danna. A wannan zaɓi guda ɗaya ne rigimar direba da yaro ta kwanta.

Yanzu wani zai ce, wa ke ta faifai a zamanin waya? Gaskiya ne kasuwar ta faɗi. Wanda ya san Ƙofar Wambai a Kano lokacin da take tashe ya san yadda kaset, daga baya kuma faifai, ke fita katan-katan zuwa Sabo na Ibadan, da Idi-Araba da Agege a Legas, da sauran unguwannin Hausawa na Kudu. Fim kamar Sangaya na 1999, waƙoƙinsa sun shiga gidajen da ba su taɓa kallon fim ɗin ba. A Legas kuma kasuwar Alaba ce ta zama cibiyar rarraba faifai ta ƙasa baki ɗaya, na halal da na sata. Da memori da filash suka yi arha, sai masu tura waƙa suka maye gurbin dillalan faifai, daga baya intanet ta zo ta fara cin kasuwar su ma. Sababbin laftof ma yawancinsu ba su da wurin sa faifai, sai ka sayi na waje mai igiyar USB.

To amma faifan bai bar gidajenmu ba. Yana cikin kwali ƙarƙashin gado, cikin jakar Makka, cikin aljihun mota. Kuma abin da ke cikin wasu daga ciki babu shi a YouTube, ba zai taɓa zuwa ba: kiɗan da aka yi ranar naɗin sarkin Hausawan unguwarku, waƙar da maroƙi ya yi wa kakanka a gidan biki, tafsirin azumin malamin masallacinku da ya riga mu gidan gaskiya, muryar mahaifiya a kaset ɗin saƙo da aka riƙa aiko wa 'yan ci-rani kafin zuwan salula. Wannan shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan bayani, ba gardamar tasha kaɗai ba.

Domin faifan da aka ƙona mutuwa yake yi. Rinin nan da ke cikinsa ba ya shiri da zafi, ba ya shiri da hasken rana, ba ya shiri da danshi. Zafin Kwali da Gwagwalada a watan Maris ya isa ya lalata faifan da aka bari a gaban gilashin mota, danshin Legas da Fatakwal kuma yana shiga ta gefe ya ci ƙarfen. Wani faifan yakan yi shekaru masu yawa, wani mai arha kuwa 'yan shekaru kaɗan sai ka ga ya fara tabo ko ƙarfen na ɓarewa. Mutane sun fi tsoron ƙarzuwar ƙasan faifai, alhali saman ne ya fi haɗari: waƙar tana kwance ne dab da gefen da ake rubutu a kai, fenti siriri ne kawai ya rufe ta. Ka danna biro a nan ka rubuta suna, ka huda waƙar da hannunka. Maka mai laushin baki ake amfani da ita. In za ka goge ƙura, daga tsakiya zuwa baki ake shafawa da ƙyalle mai taushi, ba a zagaye ba. Kuma tunda daga tsakiya faifai ke fara karatu ya nufi waje, waƙoƙin ƙarshe ne suka fi saurin lalacewa, domin su ne a bakin da hannu ke taɓawa.

Ni kaina na sha wannan darasi da tsada. Akwai faifan da aka juye mana daga wani tsohon kaset na bikin gidanmu, da kiɗan kalangu da muryoyin mutanen da yawancinsu sun rasu. Da na ga ya fara tabo sai na kai wani shago na ce a kwafe mini a filash. Aka kwafe cikin ƙiftawar ido, na ga jerin sunaye, na biya na tafi hankali kwance. Bayan wata biyu na kunna filash ɗin, babu ko tari. Na koma kan faifan, ya riga ya daina karantuwa, kaset ɗin asali kuwa an daɗe da zubar da shi.

Abin da ya faru shi ne wannan, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe shi. Idan ka sa faifan sauti na asali a kwamfuta ka buɗe, za ka ga Track01.cda, Track02.cda, haka har ƙasa. Waɗannan ba waƙoƙi ba ne. Alamomi ne kawai da Windows ke nunawa don ta faɗa maka inda kowace waƙa ta fara a jikin faifan, kowannensu bai kai ko kilobayit ɗaya ba. Ka jawo su zuwa filash, ka kwashi allon kwatance ka bar gidan. Muddin faifan na cikin kwamfutar suna iya yin kamar suna aiki, shi ya sa mai shagon ma bai san ya cuce ni ba. Duk kwafin da aka gama cikin daƙiƙa biyu, ka yi shakkarsa.

Hanyar da ta dace ita ce tatso sautin, abin da manhaja ke kira Rip. A Windows Media Player, in ka sa faifai za ka ga Rip CD. Kafin ka danna, shiga saitinsa ka zaɓi MP3, domin tsofaffin nau'o'inta WMA suke fitarwa in ba ka canja ba, shi kuma ba kowace waya ko rediyo ke cinsa ba. Ka ɗaga ingancin zuwa 192 ko 320. Wurin ajiya ya yi arhar da rowa a nan ba ta da amfani. Idan abin tarihi ne da ba ka da na biyunsa, a ganina ka ƙara tatsar wani kwafin a WAV ko FLAC, waɗanda ba sa zubar da komai, ka adana shi a matsayin uwa. Bayan an gama, cire faifan daga kwamfutar tukuna, sannan ka kunna fayilolin ɗaya bayan ɗaya ka ji. Faifan MP3 shi ba ya buƙatar wannan duka, kwafa kawai ake yi, tunda fayiloli ne tun asali.

Kaset kuwa sai an yi haƙuri. Ana haɗa rikoda da kwamfuta da igiyar sauti, a buɗe manhaja irin Audacity wadda kyauta ce, a kunna kaset ɗin ya yi ta yi har ƙarshe. Kaset na minti casa'in, minti casa'in za ka zauna. Kada ka yarda a kanga waya a bakin lasifika a ce an juye maka. Kukan akuya da ƙarar janareton maƙwabta duk za su shiga tarihin gidanku.

Wajen sauraro a kwamfuta, wanda ya riski Winamp a ƙarshen shekarun 1990 zai tuna da ita, amma yau VLC ce ta fi sauƙaƙa rayuwa. Ɗalibai ne suka fara ta a wata makarantar injiniya a Faransa, kyauta ce, kuma da wuya ka ba ta fayil ɗin sauti ko bidiyo ta ƙi buɗewa. Idan Windows ta ce ba ta gane wani fayil ba, gwada VLC kafin ka yanke hukuncin ya lalace. Har tsofaffin faifan fina-finan Hausa na VCD tana kunnawa.

Akwai wata 'yar matsala da ta fi shafar mu. Idan ka sa faifan wani mawaƙin Amurka, manhajar kan leƙa intanet ta ɗauko sunansa da sunayen waƙoƙi. Namu da wuya ta same su, sai ta rubuta Unknown Artist, Track 1, Track 2. Haka dubban waƙoƙin Hausa ke yawo a memori ba suna ba asali, har ka ga an liƙa wa Ɗan Maraya Jos waƙar da ba tasa ba, ko a kira duk wata tsohuwar murya ta mace Barmani Choge. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991. Waɗanda suka san wace waƙa aka yi wa wane, a wane gari, suna ta raguwa. In ka tatso, ɓata minti biyar ka rubuta sunan mawaƙi, sunan waƙa, da shekara in ka sani, ko ka tambayi dattijon gida tun yana nan. Sai dai a sunan fayil gara ka bar haruffa masu lanƙwasa, ka rubuta k da d da b zalla, domin rediyon mota yakan mayar da su akwatuna ko alamar tambaya.

Ba zan tsallake maganar haƙƙi ba, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ka juye faifan da ka saya ko na gidanku don amfanin kanka, wannan daban. Ka ɗauki sabon album na mawaƙi da ya kashe kuɗi a situdiyo ka riƙa tura wa mutane kana karɓar ɗari biyu-biyu shi bai ga ko sisi ba, wannan satar fasaha ce, ko a Alaba aka yi ko a rumfar bakin titi. Najeriya na da hukumar kare haƙƙin mallaka, kuma shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a watan Maris na 2023, wadda ta taɓo har abin da ake yaɗawa ta intanet. Na san yaran da ke wannan sana'a abinci suke nema, ba na kuma ganin kama su zai dawo da Ƙofar Wambai ta da. Amma akwai aikin halal a gabansu da ba su cika kula da shi ba: juye wa mutane kaset da faifan gida da kyau, da suna, da inganci. Mutum zai biya dubbai a kan muryar mahaifinsa ba tare da ciniki ba.

Inda za a ajiye abin da aka tatso shi ma sai an lura. Filash da memori ba su fi faifai amana ba: suna ɓata, suna mutuwa ba sallama, ga jabu da aka rubuta wa giga 64 alhali cikinsa bai kai takwas ba, ga ƙwayar cutar nan da ke mayar da fayiloli gajerun alamomi in ka zura a kwamfutar shago. Ka ajiye a wuri biyu ko uku da ba gida ɗaya ba: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash da ba ya yawo, ɗaya a Google Drive ko wurin ɗan'uwa a Arewa. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, wato Document, don ya isa yadda yake. Wanda kuma zai sa filash a mota, yawancin rediyoyi tsarin FAT32 suke ganewa. In sabon filash mai girma ya ƙi yi, sau da yawa nan matsalar take, a kwashe abin da ke ciki a sake tsara shi.

Shi dattijon direban, da aka fahimtar da su, yaron ya ɗauko sabon faifai ya zaɓi Audio CD, ya rage gudu. Waƙa bakwai kacal suka shiga. Ya karɓa yana ƙorafin an rage masa kaya, ya ce a ƙona masa na biyu da na uku, don kafin Okene wannan ya ƙare.